Santimita Biyu: Labarin Sara Takanashi

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau shirin namu zai yi nisan kiwo, domin za mu tafi inda sanyin hunturunmu wasan yara ne, inda ƙanƙara ke sauka kamar audugar rimi ta rufe gari fari fat har wata huɗu ko biyar. Labarin wata 'yar ƙasar Japan za mu kawo muku, sunanta Sara Takanashi, kuma sana'arta tsalle.

Na san wani zai ce, tsalle kuma har ya zama sana'a? To bari in fara nuna muku irin tsallen. Ku ɗan lumshe ido, in dai ba tuƙi kuke yi ba.

Kina zaune kan wani siririn katako da aka gitta a ƙololuwar hasumiya, a saman tudu. Ƙafafunki na ɗaure da wasu dogayen alluna guda biyu, kowanne ya fi ki tsawo nesa ba kusa ba. A gabanki gangara ce miƙaƙƙiya mai layi biyu na ƙanƙara, santsi kamar an shafa mai. Can ƙasa 'yan kallo sun koma kamar tururuwa. Mai horar da ke yana tsaye a gefe da 'yar tuta, idonsa na kan iska. Da ya sauke tutar sai ki saki katakon, ki durƙusa, ki mai da hannaye baya. Daga nan babu birki, babu fasawa. Kafin ki kai bakin gangarar gudunki ya kusa kilomita 90 cikin awa ɗaya, wato gudun mota a babban titi. A daidai bakin nan ake so ki zabura ki miƙe, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Kin yi gaggawa, kin yi asara. Kin makara, kin yi asara. Sai ki kwanta a kan iska, fuska gaba, ki buɗe kan allunan kamar bakin almakashi, ki yi ta shawagi irin na shirwa har tsawon filin ƙwallo ko fiye, kana ki dira.

Abin da ya kamata a gane shi ne, mai wannan tsalle ba sama yake tashi ba. Bakin gangarar ma ɗan sunkuye yake, ba ɗage ba. Tudun ne ke zamewa a ƙarƙashinsa, shi kuma yana bin siffar tudun, tazararsa da ƙasa 'yan mitoci kaɗan. Gwaninta duka tana ga yadda mutum zai sa iska ta tallafe shi. Shi ya sa iskar da ke bugo fuska ita ce abokiya, wadda ke turowa ta baya kuwa ita ce ke danne mutum ƙasa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Maki kuma kashi biyu ne: na nisa, da na kyan tafiya. Alƙalai biyar ne, kowanne na iya ba da har maki 20, a jefar da mafi yawa da mafi ƙaranci a tara ukun tsakiya. Abin da suka fi zuba wa ido shi ne dira: ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannaye a buɗe. Ana kiran wannan dira Telemark, sunan wani yanki a ƙasar Norway inda wasan ya samo tushe.

An haifi Sara ranar 8 ga Oktoba, 1996, a wani ƙaramin gari mai suna Kamikawa, a tsibirin Hokkaido da ke can arewacin Japan. Mahaifinta ya taɓa yin wannan wasa, yayanta ma yana yi, saboda haka gado ne, ba shigege ba. Tana kamar shekara takwas ta fara. Garin nasu ma ya san tsalle tun kafin ta iya tafiya, domin ɗan garin ne Masahiko Harada, mutumin da duk Japan ta san labarinsa. A gasar Olamfik ta 1994 a garin Lillehammer na Norway, Japan na kan gaba da tazara mai kyau a gasar ƙungiya, Harada ne na ƙarshe, tsalle matsakaici kawai ake nema daga gare shi. Sai ya dira a mita 97.5. Zinare ya koma hannun Jamus. Shekara huɗu yana ɗauke da wannan kaya a kai, sai a 1998 a Nagano, a gida, ya yi mita 137, ƙungiyarsu ta ci zinaren, aka nuno shi yana kuka har magana ta gagara. A lokacin Sara ba ta cika shekara biyu ba. Da wannan labari yaran Kamikawa suka tashi.

Sai dai Harada namiji ne. Ita kuwa lokacin da take koyon tsalle babu wata ƙofar Olamfik a gaban mace. Maza na wannan gasa tun 1924, mata kuwa an ce su tsaya waje. A 2005 shugaban hukumar wasannin zamiyar ƙanƙara ta duniya na lokacin, Gian Franco Kasper, ya faɗa wa wani gidan rediyo na Amurka cewa a ganinsa ta fuskar lafiya wasan bai dace da jikin mata ba. Bai kawo wata hujja ta likitoci ba. A 2006 kwamitin Olamfik na duniya ya ƙi saka gasar mata a wasannin Vancouver na 2010, da hujjar cewa matan ba su da yawa kuma ba su ƙware ba. Matan suka garzaya kotu a Kanada, su 15. A 2009 kotu ta yarda an nuna musu bambanci, amma ta ce dokar Kanada ba ta da iko kan kwamitin Olamfik. An ba ka gaskiya, an hana ka kayanka ke nan. Wani abin dariya, ko na takaici, shi ne tudun da aka gina domin wannan gasa ta Vancouver, kafin a buɗe wasannin wadda ta fi kowa nisa a kansa, maza da mata, mace ce, Ba'amurkiya Lindsey Van, da mita 105.5. Ita ce kuma ta fara zama zakarar duniya ta mata a 2009. Sai a watan Afrilu na 2011 kwamitin ya sauko ya ce mata su shigo a 2014.

Wato wasu suka yi sharar gona, Sara ta iso daidai saukar damina. A watan Janairun 2011, tana 'yar shekara 14, ta yi mita 141 a babban tudun Okurayama na birnin Sapporo. A watan Disamba na wannan shekara aka buɗe gasar Kofin Duniya ta mata karon farko, a Lillehammer, kuma tana cikin waɗanda suka hau. Kada sunan ya ruɗe ku: wannan Kofin Duniya ba irin na ƙwallon ƙafa ba ne da ake yi sau ɗaya a shekara huɗu. Jerin gasanni ne da ake bi gari gari duk tsawon hunturu, yau Norway, mako mai zuwa Jamus, gaba Japan, ana tara maki, wanda ya fi a ƙarshen kaka shi ne zakara. Ranar 3 ga Maris, 2012, a Zao, cikin ƙasarta, ta ci gasarta ta farko tana da shekara 15.

Daga nan sai abin ya zama kamar ita kaɗai ke wasan. Yarinya ce 'yar ƙarama, tsawonta bai wuce santimita 152 ba, in ta tsaya cikin Turawan nan dogaye sai ka rantse ƙanwar wata ce ta rako ta. Amma a bakin gangara babu mai saitin lokacinta. Ba ta da ƙarfin tunkuɗa irin na manyan, abin da take da shi shi ne ba ta zubar da gudun da ta taho da shi. Tana barin bakin tudu sai ka ga har ta riga ta kwanta kan iska, yayin da wasu ke ta gyara jiki. Masu sharhi kan danganta daidaiton jikinta da rawar bale da ta koya tana ƙarama. Ta ɗauki kofin kakar 2012 zuwa 2013 tana da shekara 16. A kakar da ta biyo baya aka yi gasa 18, ta cinye 15.

(Gajeren kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, labarin Sara Takanashi muke yi, gwanar tsallen zamiyar ƙanƙara ta ƙasar Japan.

Ranar 11 ga Fabrairu, 2014, a Sochi ta ƙasar Rasha, aka yi gasar mata ta farko a tarihin Olamfik, bayan shekara 90 ana yi babu su. Kafin wannan dare an yi gasar Kofin Duniya 13 a kakar, Sara ta ci 10. A Japan an gama rataya mata zinaren tun kafin ta hau jirgi. Tsalle biyu ake yi. Duka biyun iska ta zo mata ta baya. Na farko mita 100, na biyu 98.5, kuma dirar ba ta fita yadda alƙalai ke so ba. Zinare ya tafi ga Bajamushiya Carina Vogt, 'yar sanda, wadda a lokacin ko gasar Kofin Duniya ɗaya ba ta taɓa ci ba. Daniela Iraschko-Stolz ta Austriya ta ɗauki azurfa, Coline Mattel ta Faransa tagulla. Sara ta zo ta huɗu. A Olamfik babu matsayi mai ciwo kamar na huɗu: ka ga tukunya, ka ji ƙanshi, aka rufe. Tana da shekara 17, ta tsaya gaban 'yan jarida hawaye na zuba.

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin nan ne ainihin abin da ya ja ni ga labarin nan. Wasan da ya dogara da iska ba ya da alkawari ga kowa a dare ɗaya. Gaskiya ne an shigo da tsarin ƙara wa mutum maki in iska ta cuce shi, a rage in ta taimake shi, amma lissafi ba ya mayar wa mai tsalle abin da iska ta ƙwace masa a sama. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne kaka guda cur, tudu daban-daban, yanayi daban-daban, inda sa'ar yau ke goge rashin sa'ar jiya. A wannan ma'auni Sara ba ta da na biyu. Amma yawancin duniya ba ta kallon wannan wasa sai sau ɗaya a shekara huɗu, kuma abin da ta gani a daren nan da shi take hukunci. A ganina wannan rashin adalci ne, ko da yake na san ba ni na fara faɗa ba kuma ba zai canza ba.

Ta koma bakin aiki. Kakar 2015 zuwa 2016 ta ci gasa 14 cikin 17. Kakar da ta biyo baya ta sake ɗaukar kofin, na huɗu ke nan. Sai dai su ma sauran matan ba barci suke yi ba. Ƙasashe irin su Norway da Jamus da Sulobeniya sun zuba kuɗi da masu horarwa tunda dai an buɗe ƙofar Olamfik, aka samu 'yan mata dogaye masu ƙarfin ƙafa, a gabansu Maren Lundby ta Norway. Lokacin da aka je Olamfik ta 2018 a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, ba Sara ake sa wa ran zinare ba. Lundby ta ɗauka, Katharina Althaus ta Jamus ta biyu, Sara ta samu tagulla. Wannan karon ma ta yi kuka, amma na wanda aka sauke wa kaya ne. A watan da ya biyo baya, a Oberstdorf ta Jamus, ta ci gasar Kofin Duniya ta 54, ta wuce Gregor Schlierenzauer na Austriya mai 53, wanda shi ne kan gaba a maza. A 2021 kuma ta zarce Janne Ahonen na Finland a yawan shiga sahun ukun farko, shi yana da 108. Duk da haka a can gida akwai masu zama a intanet suna cewa kwalliyar da ta fara yi ce ta rage mata ƙwazo. Hoda da jan baki dai, jama'a. Ban taɓa jin an auna nasarar namiji da askinsa ba.

Yanzu sai maganar riga, domin ba za a fahimci abin da ya faru a 2022 ba sai da ita. Duk wanda ya taɓa hawa babur da babbar riga ya san yadda tufa ke kama iska. To a wannan wasa kama iska shi ne riba. Riga mai faɗi tamkar ƙarin fiffike ce, 'yan santimita kaɗan na iya ba mutum ƙarin mitoci. Saboda haka doka ta ƙayyade iyakar ratar da za a samu tsakanin jiki da rigar, kuma akwai jami'ai da ke jan ɗan wasa gefe bayan ya dira, su sa tef ɗin awo irin na tela, su auna. Haka tsawon allunan ma, ba ya wuce kashi 145 cikin 100 na tsawon mai shi, kuma wanda ya rame fiye da kima ana rage masa tsawon, dokar da aka kawo don hana 'yan wasa kashe kansu da yunwa, tunda mara nauyi ya fi nisa. Batun nauyin nan ba ƙarami ba ne: ita kanta Lundby, mai riƙe da zinare, ta haƙura da Olamfik ta 2022 gaba ɗaya, ta fito fili ta ce ba za ta matsa wa jikinta ya rame ta hanyar da za ta cutar da ita ba. Matsalar riga ita ce jiki ba katako ba ne. Rigar da ta yi daidai shekaranjiya tana iya yin yawa yau, in mutum ya ɗan zube.

A Olamfik ta Beijing, ranar 5 ga Fabrairu, 2022, Sara ta sake zuwa ta huɗu a gasar ɗaiɗaiku. Kwana biyu bayan haka aka yi gasar haɗaka, mata biyu maza biyu a kowace ƙungiya, karon farko a Olamfik. Ita ce ta buɗe wa Japan. Ta yi mita 103, tsalle mai kyau ƙwarai, ta dira tana murmushi. Aka kira ta ɗakin awo. Aka ce rigarta ta yi yawa da santimita biyu a cinya. Santimita biyu, kamar faɗin babban yatsa. Aka soke tsallen, makin ya koma sifili. Masu horar da ita suka ce rigar da ta sa a gasar shekaranjiya ce, kuma mai yiwuwa tsananin sanyi da tsayin wurin ne suka sa ta ɗan zube. Ba ita kaɗai ba ce: mata biyar aka soke a wannan dare, ita da Althaus ta Jamus, da Iraschko-Stolz ta Austriya, da 'yan Norway biyu, Anna Odine Strøm da Silje Opseth. Babu namiji ko ɗaya. Wasu daga cikinsu sun yi ƙorafin cewa ba yadda aka saba auna su aka auna su ba, jami'an kuma suka ce doka suka bi.

Kyamarori sun nuno ta a durƙushe tana kuka, ana riƙe da ita. Amma ƙungiyoyi takwas ne ke wucewa zagaye na biyu, kuma abokan wasanta uku, Yukiya Sato da Yuki Ito da Ryoyu Kobayashi, sun yi ƙoƙari har Japan ta laƙe a mataki na takwas. Ma'ana dole ta sake hawa hasumiyar nan. Ku tuna abin da na ce a farko, wasa ne da ake cin sa ko a faɗi cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma kuskure a cikinsa na iya karya wuya. Ta zauna kan katakon nan ido jawur cikin tabarau, ta saki, ta yi mita 98.5. Tana tsayawa ta tsuguna ta dafe kai da hannu biyu. Japan ta taso daga ta takwas ta ƙare ta huɗu da tsalle bakwai, alhali na gabanta suna da takwas takwas. Tazararta da Kanada mai tagulla maki 8.3 ne kacal. Kobayashi, wanda ya ci zinaren maza kwana ɗaya kafin nan, ya je ya rungume ta.

Washegari ta sa hoto baƙi ƙirin a shafinta na Instagram, ta rubuta doguwar ban haƙuri ga 'yan ƙasarta da abokan wasanta, tana ɗora wa kanta laifin, har tana nuna za ta sake tunani kan ci gaba da wasan. Ni dai ban ga abin ba da haƙuri ba. Ba ita kaɗai ke shirya rigar ba, akwai masu horarwa da masu kula da kaya. Kuma in mutum biyar daga manyan ƙasashe huɗu suka faɗa rami ɗaya a dare ɗaya, to ya kamata a duba ramin. Dubban 'yan Japan sun rubuta mata suna cewa ba ta da abin neman gafara a kai.

Ba ta koma gida ba, ta wuce Turai, ta yi 'yan makonni ba a ganin ta a gasa. Ranar 2 ga Maris, 2022, sai ga sunanta a jerin masu tsalle a Lillehammer, garin da ta fara Kofin Duniya tana 'yar shekara 15, garin da ɗan garinsu Harada ya dira a mita 97.5. Ta ci gasar, ta 62 ke nan. Bayan kwana huɗu, a tudun Holmenkollen na birnin Oslo, ta ci ta 63.

  

(Kiɗan rufe shiri)